Fatar da Baba Ya Rufa

Maryam, Usama, Nafisa, na san abin da aka gaya muku game da shekarar da na rasa aikina. An ce muku ubanku ya haukace a kan ganga, ya kunyata yayansa a gaban baƙi, ya jefa gidansa cikin wahala saboda baƙar zuciya. Kun ji haka a gidan Baffanku Sale, kun ji a wajen biki, ni kuwa ban taɓa tankawa ba. Mutane suna cewa Haruna mai haƙuri ne. To, ina da haƙuri, amma ban manta komai ba. Yanzu da na koyi boko da furfura a kaina, a ajin da wani likita ɗan Kano yake yi mana a unguwar Sharafiyya ta nan Jidda, zan rubuta muku da hannuna. Da Hausa zan rubuta, ko da za ku sha wuyar karantawa. Wanda ya kasa, Maryam ta karanta masa.

Gangar nan da kuke gani a saman kabad ɗin kakarku Inna ta girmi kowa a gidan nan. Kakana Tanko ya zo hajji a ƙasa yana saurayi, bai koma ba. Lokacin Turkawa ne ke riƙe da Jidda, shi kuwa ɗan gidan makaɗa ne, sai ya sami shiga badujalar sojansu, aka ba shi babbar ganga. Da Turkawa suka tafi, gangar ta zauna a hannunsa, daga shi ta koma hannun Baba. Fuska biyu gare ta, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ta dama fatar sa ce mai kauri, ana dukanta da gula mai nauyi. Ta hagu fatar akuya ce, siririya, ba a taɓa ta sai da tsumagiya. Gula ta ce dum, tsumagiya ta amsa mata da ƙaramar murya. Baba yakan ce dama ta duka ce, hagu ta lallashi. Kuma a gidanmu ba a sayen fatar hagu a kasuwa. Fatar akuyar layyar gidan ake yi wa gishiri, a jeme ta, a rufa. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya yana jan igiya, ɗaya yana ɗaurewa. Rufi na ƙarshe da Baba ya yi, ni na ja masa igiya, gemu bai fito mini ba tukuna. Wuƙa ta yanke shi a babban yatsa, ya dafa gefen fatar, jinin ya zauna a wurin kamar hatimi. Ya dube shi ya yi dariya ya ce to, ya sa hannu.

Da gangar nan Baba ya ciyar da mu. Duk bikin mutanenmu na Takari, daga unguwarmu har Bagdadiyya, shi ake kira. Yaya Sale, wanda kuke ce wa Baffa, shi ne babba, shi aka sa makaranta, ni aka bar ni ina ɗaukar wa Baba kaya. Da ya yi karatu sai ya dawo gida da wa'azi. Wata rana Baba yana gasa fatar a bakin garwashi don laimar teku ta sake ta, Yaya ya tsaya a kansa.

"Baba, ka ji tsoron Allah. Ka tsufa. So kake mutuwa ta same ka da gula a hannu?"

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Da gular nan aka saya maka littattafan da kake yi mini wa'azi da su."

Amma maganar ta shige shi. Abin da ya ƙarasa shi kuwa ranar neman auren Yaya ne. Muna zaune a gaban dangin amarya, wani dattijo ya tambayi sana'ar uban ango. Kafin Baba ya buɗe baki, Yaya ya ce, "Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa." Baba ya sunkuyar da kai, ya sha shayinsa har ƙasa. Da muka dawo gida ya naɗe gangar da bargo, ya ɗora ta saman kabad, ya nemi aikin gadi a wani bene. Bai sake rataya ta ba har ya koma ga Allah. Sai dai in ya gama cin abinci, yatsunsa sukan kama gefen faranti da kansu: dum, ya tsaya, dum, ya tsaya, dum dum dum. In Yaya yana nan ya ɗaga ido, yatsun su mutu.

Ku fahimce ni da kyau. Ban riƙe Baffanku da laifi don ya ce kiɗa haram ne ba. Malamai da yawa sun faɗa, kuma mutum yana da ikon bin abin da ya gamsu da shi. Da ya tsaya a kan maganarsa har yau, da ni ne mai ɗaukar masa takalmi.

Shekaru suka wuce, garin ya canza. Abin da da ake ɓoyewa aka fara sayar da tikitinsa. Ina aiki a siton wani kamfani a Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni ta Jidda, masu kafa dandamali da jera kujeru a wuraren taro. Faisal ɗan Yaya ne ya samo mini aikin, yana ofishinsu, kuma kamfanin ne kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata ta izinin zama a hannunsu take. Wata rana aka tura mu wani babban zaure, aka ce wata ƙungiyar makaɗan Turawa ta zo za ta yi wasa. Ban taɓa ganin irinsu ba. Mutane cike da dandamali, kowa da takarda a gabansa, wasu da goge ƙanana, wasu da goge mai tsayin mutum, wasu da algaitu da ƙahoni na tagulla, ga wani a gaba yana kaɗa musu ɗan sanda. Suna gwaji muna jera kujeru. Da farko kiɗan bai ce mini komai ba, yana ta zuba kamar ruwan famfo. Can sai na ji ƙasa ta motsa. Dum. Ya tsaya. Dum. Ya tsaya. Dum dum dum. Faifayen tagulla suka gwaru, wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku yana ta ƙara kamar ƙararrawar raƙumi, masu goge duka suka bi gangar da gudu. Na tsaya da kujera a kaina. Farantin Baba ne. Ba kama ba ce, shi ne.

Mai gangar wani tsoho ne fari fat da furfura. Gula a damansa, a hagunsa ɗaurin tsinke kamar tsintsiya, yana lallashin gangar da shi tsakanin dukan. Da suka huta ya gan ni ina buga bayan kujera da yatsu, ya yafito ni. Faisal yana kusa, shi ya yi mana tafinta. Tsohon ya ce a zamanin da sojan Turkawa sun sha zuwa har ƙofar garuruwansu, kuma kafin a ga sojan, badujalarsu ake ji, mata su kwashe yara su gudu. Da tsoron ya wuce sai kunne ya riƙe daɗin. Masu tsara musu kiɗa suka ɗauki babbar gangar da faifayen da ɗan ƙarfen suka sa a cikin nasu, kuma duk wasan da za su yi a Jidda irin wannan ne. Ya tambaye ni inda na san bugun. Na ce kakana ya yi wa Turkawan kiɗa a garin nan, gangarsa ma tana gida. Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu. Na ga idon Faisal ya yi haske, ban kawo komai a raina ba.

Washegari na dawo daga aiki na tarar da saman kabad wayam. Inna tana zaune a kan darduma, ta kasa haɗa ido da ni.

"Yayanka ne ya zo da mota. Babban wa uba ne, Haruna, me zan ce masa?"

Ko ruwa ban sha ba na tafi gidansa. Na same shi a majalisa, ɗakinsa na baƙi, yana waya, gangar a gefensa, an yaye bargon.

Na ce, "Yaya, ina ce haram ce?"

Ya ajiye wayar yana murmushi. "Ya Haruna, kai ba za ka gane ba. Wannan kayan tarihi ne. Za a ajiye ta a bakin zaure manyan mutane su gani. Kiɗan nan na masu ilimi ne, da takarda ake yin sa, ba irin na bikin 'yan unguwa ba."

"Bugun ɗaya ne. Na ji da kunnena."

"Kunnenka," in ji shi. "Yalla, maza a kawo wa Haruna shayi."

Na haɗiye. Na ce masa to, in ya zama dole, a sassauta igiyar, kuma kada a ajiye ta a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ganga a Jidda ta saba da laima. Busasshen sanyin na'ura yana jan fata har ta ɗaure kamar za ta yi magana. Ya kaɗa mini hannu ya ce halas, ya isa, in kula da kujeruna. Ban yi masa zancen dama da hagu ba. Wallahi bai zo mini a rai ba cewa akwai ɗan da Baba ya haifa wanda bai san wannan ba.

Ranar wasan, bayan magariba, baƙi suka cika bakin zauren, ƙamshin turare ko'ina. An ɗora gangar a kan tebur mai jan ƙyalle, daidai ƙarƙashin inda sanyi ke hurowa. Daga nesa na ga an ja igiyoyin an tamke su don ta yi kyan gani, har an shafa wa itacen man goge kujera. Ina sanye da rigar ma'aikata mai ruwan lemo, ina shigar da katan ɗin ruwa. Yaya yana tsaye kusa da ita cikin alkyabba mai bakin zinariya, mutane sun kewaye shi, yana zuba Larabci. Na ji shi da kunnena yana cewa kakanmu gwani ne a badujalar Turkawa, mahaifinsa ma babban fannan ne, wato mai fasaha, kuma shi ne ya adana wannan gado shekara da shekaru don kada ya ɓace. Fannan. Mutumin da ya mutu yana buɗe wa motoci ƙofa, yana ɓoye yatsunsa a ƙarƙashin faranti. Na ce a raina, Haruna, ka yi shiru, taro zai tashi, ka ɗauki abinka.

Sai wata mata cikin baƙin ta ce tana so ta ji muryarta. Tsohon Baturen yana wurin, ya taɓa fatar da bayan yatsa, ya girgiza kai, ya ɗaga hannu alamar a dakata. Yaya bai ko dube shi ba. Ya naɗe hannun alkyabba, ya ɗauki gular Baba, ya ɗaga ta sama yadda masu ɗaukar hoto za su samu, ya sauke ta da ƙarfinsa a fuskar hagu.

Ba ta ce dum ba. Ƙarar da ta yi irin ta sabuwar shadda ce in an yage ta. Tsagar ta tashi daga tsakiya ta tafi har gefe, ta raba tabon jinin Baba biyu.

Da Yaya ya yi salati, ko ya dafe kai, ko ya neme ni da ido, na rantse muku da na yafe masa a wurin. Dariya ya yi. Ya ce wa baƙin ba komai, tsohuwar fata ce, gobe za a sa mata ta roba, ta fi ma ƙarko. Wasu suka taya shi dariyar don kara.

Ban san lokacin da na ajiye katan ba. Na taka jan kafet ɗin da aka hana mu takawa, na tsaya a gabansa, na yi masa magana da Hausa.

"Yaya, me ka ce Baba yake yi?"

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Haruna, ba nan ba."

"Nan ne. Ka faɗa da Hausa. Ba ɗan dako ba, ba fannan ba. Akwai sunan abin. Ka faɗa."

Wani mai farin gemu ya tambaye shi da Larabci ko wane ne wannan. Yaya ya gyara alkyabbarsa ya ce, "Wani ma'aikaci ne, ya gaji."

A nan ne na juya harshe zuwa Larabci, don kowa ya ji. Na ce ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce ubanmu makaɗi ne, da kiɗan biki ya biya wa wannan mutumin makaranta, kuma wannan mutumin ne ya raba shi da gangarsa ya kai shi gadi. Na ce bai adana ta ba, ya dai ji kunyarta, har sai da ya ga Turawa masu baƙar kwat suna buga irinta. Na ce ga shaida nan a gabanku, bai ma san inda ake dukanta ba. Na karɓe gular daga hannunsa, na rungumi gangar. Faisal ya sha gabana, fuskarsa duk gumi, ya kira ni da Larabci, Ammi, wato baffana.

"Ammi, don Allah. Mudir yana kallo. Aikinka, iƙamarka."

Na ce, "Na sani, ɗana. Matsa."

Na sani ɗin kuwa. Kada wani ya ce muku hankalina ya gushe. Ina ganin mudir, manajan kamfaninmu, ina ganin fuskokinku ku uku a raina, na kuma ɗauke ta na fita.

Na zauna a ƙofar baya inda muke sauke kaya, ina jiran motar da za ta kai ni gida, gangar a kan cinyata. Ƙofar a buɗe take, sai na ji sun fara. Gogen suka taso a hankali, sannan babbar gangar ta shigo. Dum. Dum. Dum dum dum. Tafin hannuna yana kan fuskar dama, na ji tana rawa da kanta tana amsa musu. Ta hagu tana lilo kamar tsumma. Mutane suka yi ta tafi a ciki. Kada ku zaci abin ya sanyaya mini rai. Ƙara hura ni ya yi. Mutanen da kakanninsu suka gudu daga wannan kiɗa sun ɗauke shi sun rubuta a takarda, sun koya wa 'ya'yansu, sun hau jirgi sun kawo mana shi, ana biyan kuɗi a ji. Mu da aka haifa da shi a cikin ɗaki mun naɗe shi da bargo. Kuma wanda ya sa aka naɗe yana kujerar gaba yana tafi.

Da safe aka sallame ni. Abin da ya biyo baya kun san shi, don a jikinku ya faru. Watanni ina yawon neman wanda zai karɓi kafalata, ina tsoron duk motar 'yan sanda da ta rage gudu. Uwarku Hajara ta koma soya masa da fanke tana aikawa shaguna. Maryam, ke kika biya mafi tsada, kika bar kwas ɗinki na jinya a tsakiya, kuma da kika koma ƙawayenki sun wuce ki. Ban ce wannan ƙaramin abu ba ne, ba kuma zan ce ba ni na jawo ba. Uwarku ta daɗe ba ta yi mini magana mai daɗi ba.

"Fata ce fa, Abu Usama," in ji ta. "Fatar akuya. Da ka bari an tashi taron, ka je gidansa ka zage shi son ranka."

Na ce, "A gidansa ba wanda zai ji sunan Baba."

Ta ce, "To yanzu sun ji. Sai mu dafa shi mu ci."

Ba ta yi ƙarya ba. Amma da layya ta zo, muka yanka 'yar akuyar da muka iya saya da kyar, na fito na tarar ta hana a ba masu karɓar fata. Ta shimfiɗa ta a saman bene ta zuba mata gishiri da hannunta.

Yaya ya aiko Faisal da sabuwar ganga daga kanti, mai fuskar roba da ƙusoshin ƙarfe. Na ba Faisal abinci, na sa masa albarka, na ce ya mayar. Inna ta tara mu ta yi kuka ta ce mu shirya kafin ta mutu. Saboda ita, da kuma saboda addini ya hana gaba, ina yi wa Yaya sallama duk inda muka haɗu. Ina zuwa gaishe shi da salla. Da ya kwanta asibiti na kwana a kansa. Amma kun lura ba na cin abincin gidansa, kuna ta tambayar uwarku dalili. Ga dalilin. A gaban Inna na gaya masa abin da nake so, kuma ba kuɗi ba ne, ba ban haƙuri ba ne. Rufin ganga aikin mutum biyu ne. 'Ya'yan Baba maza mu biyu ne. Ya zo gidan nan ya tuɓe alkyabba, ya zauna a tabarma, ya ja mini igiya in ɗaure, ku da 'ya'yansa kuna zaune, ya ce da bakinsa, da Hausa, ubanmu makaɗi ne. Ranar zan ci tuwonsa har in nemi ƙari.

Ya ce zai duba. Usama ya sha cewa shi zai ja mini igiyar mu huta. Na gode, ɗana, za ka ja wata rana, amma ba wannan rufin ba. Duk shekara ina jeme fatar layya in ajiye, in wata layyar ta zo in ba da tsohuwar in jeme sabuwa. Ta bana tana saman bene, ta sha gishiri, ta yi laushi. Ya san hanyar gidan.